An ce in sayi difloma don in zama siniya a gidan kula da tsofaffi

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina aiki a wani gidan kula da tsofaffi a Ingila tun 2023. Manaja ta ce za a buɗe gurbin siniya, wato babbar mai kula da ke jagorantar sauran ma'aikata, amma ba ni da difloma mataki na 3. Wata ƙawata ta haɗa ni da wani a WhatsApp da ke samar da takardar cikin mako biyu in an biya. Ina tsoron gurbin ya wuce ni. Me zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Ki kwantar da hankalinki. Doka ba ta ce sai da difloma a hannu ake zama siniya ba. Gidaje da yawa suna ba mutum matsayin yana cikin karatun, wasu ma su biya masa. Ki tambayi manajarki kai tsaye ko za ta saka ki.

Mutumin WhatsApp ɗin nan kuwa, ki rabu da shi yau. Na gaji da jin wannan magana a bakin 'yan'uwanmu, wai takarda ce kawai ake nema. Difloma ta gaskiya tana ɗaukar shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi, kuma dole mai tantancewa ya zo wurin aikinki ya ga yadda kike yi da idonsa. Wanda bai taɓa taka gidanku ba, me ya tantance? Ki nemi sunan hukumar da ta ba da takardar a rajistar Ofqual, hukumar da ke sa ido kan takardun shaidar karatu a Ingila. In babu, kuɗinki ya tafi a banza.

Asarar kuɗin ma ƙaramar magana ce. Ranar da kika zama siniya, makullin ɗakin magani zai koma hannunki. Ke za ki sa hannu a takardar ba da magani, ke za ki ƙirga magunguna masu ƙarfi irin su mofin tare da shaida, ke za ki yanke shawarar kiran 111 (layin neman shawarar lafiya) ko 999 (layin gaggawa) in tsoho ya faɗi da tsakar dare. Sau nawa na ga ma'aikaciya mai tausayi ta niƙa ƙwaya ta zuba a abincin tsohuwar da ta ƙi sha, tana ganin taimako ta yi! Akwai ƙwayoyin da aka yi su don su riƙa narkewa a hankali cikin yini. In aka niƙa, ƙarfinsu duka ya shiga jiki lokaci guda. Ɓoye magani a abinci kuma ba ya halatta sai an auna hankalin mutum a ƙarƙashin dokar 2005 kan ikon mutum na yanke shawara (Mental Capacity Act), likita da mai harhaɗa magunguna sun amince, an rubuta. Takardar saye ba za ta koya miki wannan ba. In abu ya ɓaci, masu binciken CQC, hukumar da ke sa ido kan gidajen kulawa, sa hannunki za su duba, ana iya kai sunanki DBS, hukumar da ke riƙe da jerin waɗanda aka haramta wa irin wannan aiki, a hana ki aikin gaba ɗaya, shi kuma mai WhatsApp ya canza lamba. Iyayen mutane ne aka damƙa miki, amana ce, kuma za a tambaye ki ita a gaban Allah.

Sai batun biza. A tsarin biza, lambar aikin mai kula 6135 ce, ta siniya 6136, don haka in gidan ne ya ɗauki nauyinki, sai an ba ki sabuwar takardar ɗaukar nauyi kin sabunta biza kafin ki fara. Kuɗin wannan takarda a kan gidan yake, kada ki biya kowa ko sisi. Tun 22 ga Yuli 2025 aka rufe ɗauko masu wannan aiki daga ƙasashen waje, waɗanda ke cikin ƙasar kuma aka ba su damar sabunta biza ko sauyawa zuwa wannan aiki har Yuli 2028, saboda haka ki nuna wa lauyan shige da fice mai rajista takardunki tun yanzu.

Kafin a buɗe gurbin, ki roƙi a ba ki horon magani, ki riƙa bin siniyar da ke aiki lokacin miƙa rahoto, ki kuma gyara rubutunki a kundin kulawa, domin shi ne abin da manaja ke fara dubawa.