Ga ɗalibin da ke son shiga bincike a ƙarƙashin malami

Wa alaikumus salam. Ƙanina, na ga tambayarka: kana aji huɗu a karatun likitanci, kana son ka shiga aikin bincike a hannun wani malami, amma ba ka san wa za ka tunkara ba, kuma kana tsoron kada abin ya cinye maka lokacin karatu. Na yi irin wannan aiki ina ɗalibi, yanzu kuma ni ake turo wa ɗalibai, saboda haka na ga abin ta fuska biyu.

Yawancin ɗalibai maudu'i suke fara nema. Ni dai mutum nake ce musu su fara nema, domin maudu'i mai kyau yakan mutu a hannun malamin da ba ya samuwa. Kowa yana son a ce farfesa wane ne ya duba masa aiki, amma farfesan nan yana da taro, yana da tafiya, yana da ɗaliban babban digiri a gabanka. Sau da yawa ƙaramin kwansoltan ko babban rajistara (likitan da ke dab da kammala horon ƙwarewa) wanda shi ma yake bukatar wallafa aiki don ƙarin girma ya fi amfanar ka, tunda aikinka nasa ne. Kafin ka je wurin kowa, buɗe PubMed, rumbun takardun binciken likitanci a intanet, ka rubuta sunansa. Duba ko ya wallafa wani abu a 'yan shekarun nan, ka kuma duba ko akwai sunayen ɗalibai a cikin marubutan. Sannan ka samu wanda ya taɓa aiki da shi ka tambaye shi abu ɗaya: in ka ba shi rubutu, yaushe yake dawo da shi, kuma da gyara a jiki ko babu? Wanda ya dawo maka da takarda ta yi ja da biro, riƙe shi da kyau.

In za ka je, kada ka shiga ofis ka ce "Ranka ya daɗe, ina sha'awar bincike" ka yi shiru. Kowa haka yake cewa. Karanta ɗaya daga cikin ayyukansa, ka faɗi abin da ya ɗaure maka kai a ciki, ka faɗi awa nawa za ka iya bayarwa a mako, da watannin da jarrabawa za ta ɗauke ka. Malami ya fi yarda da wanda ya ce awa huɗu ya cika, a kan wanda ya ce kullum yana nan ya ɓace.

Game da abin da za ka bincika, ƙanƙanta shi har ka ji kunyar ƙanƙantarsa. "Hawan jini" ba tambaya ba ce. "Cikin masu hawan jinin da suka zo wannan asibiti a shekara ɗaya, nawa aka yi wa gwajin ƙoda?" wannan tambaya ce, tana da farko tana da ƙarshe. Abin da ya fi dacewa da ɗalibi shi ne rahoton mara lafiya ɗaya mai abin mamaki, ko bibiyar tsofaffin fayiloli, ko takardar tambayoyi, ko tattara abin da aka riga aka wallafa. Kowanne yana da ƙa'idar rubutu: CARE ga na farko, STROBE ga na biyu da na uku, PRISMA ga na ƙarshe. Sauke wadda ta shafe ka tun kafin ka fara, ba sai ranar rubutu ba. Idan fayiloli ka zaɓa, ciro kamar ashirin ka gwada tukuna. Za ka sha mamakin yadda ake barin gurbin nauyi da tsawo da sakamakon gwaji babu komai, kuma gara ka san haka tun kan ka gina aiki a kansu.

Kada ka taɓa fayil ɗaya ko ka yi wa mutum ɗaya tambaya kafin kwamitin ɗa'ar bincike ya ba da izini a rubuce, ko da malamin ya ce "fara kawai, takardar za ta fito". Sanarwar Helsinki, ƙa'idojin ɗa'ar bincike a kan mutane da aka fara fitarwa a 1964, ta tsaya a kan cewa haƙƙin wanda ake bincike a kansa yana gaba da bukatar mai binciken, kuma mujallar kirki za ta nemi lambar izinin. Cire sunaye da lambobin asibiti daga bayananka, kada kuma ka ɗauki hoton fayil da wayarka. Mai ƙididdiga kuwa ka gan shi tun kana tsara aikin, shi zai gaya maka mutum nawa kake bukata. In sai da ka gama tattarawa ka kai masa, ta'aziyya kawai zai yi maka.

Sai maganar da ɗalibai ke jin nauyin ɗagawa: sunan wa zai fito, kuma a wane matsayi. Ɗaga ta a zaman farko, cikin ladabi, sannan ka bi ta da imel don ta zauna a rubuce. Kwamitin editocin mujallun likitanci na duniya, ICMJE, ya sa sharuɗɗa huɗu: ka ba da gudummawa ta gaske wajen tsara aikin ko tattara bayanai ko nazarinsu, ka shiga rubutun ko gyaransa, ka amince da kwafin ƙarshe, ka kuma yarda za ka amsa tambaya a kan aikin. Ka ga kenan tattara bayanai kaɗai bai isa ba, don haka nemi a ba ka wani sashe ka rubuta. Rigimar tsohuwa ce. A 1916 Jay McLean yana ɗalibin aji biyu a Johns Hopkins ta Amurka ya yi aiki a ɗakin gwajin William Howell, aikin da ya kai ga hefarin, maganin hana daskarewar jini, kuma har yau masana tarihi suna jayayya a kan rabon yabo tsakaninsu. Paul Langerhans shi ya yi dace: ƙwayoyin fankiriyas masu samar da insulin da ya bayyana a 1869 yana ɗalibi a Balin, a cibiyar malaminsa Virchow, da sunansa ake kiran su, alhali shi kansa bai san aikinsu ba a lokacin.

Batun karatu, gaskiya zai taɓu in ba ka yi shiri ba. Tura aikin tattara bayanai zuwa hutu ko zagayen sashen asibitin da ba shi da nauyi, ka bar karatun takardu da rubutu ga sauran lokaci. Jarrabawa ta matso, sanar da malamin da wuri ka ajiye aikin. Ban taɓa jin haushin ɗalibin da ya ce mini zai dakata ba. Wanda ya daina ɗaga waya shi ne matsala.

In kun gama, za ka fara samun imel daga mujallun da ke yabon ka suna alkawarin wallafawa cikin mako ɗaya in ka biya. Duba ko mujallar tana cikin jerin mujallun da aka tantance, wato MEDLINE ko DOAJ, ka kuma nuna wa malaminka kafin ka tura komai. Mujallar gaske za ta iya mayar muku da aikin ko ta ƙi shi gaba ɗaya. Ku gyara bisa abin da masu bita suka ce ku tura wata. In ka faɗi fannin da ya fi kwanta maka, sai mu duba irin tambayar da za ka iya kai wa malami. Allah ya ba da sa'a.