Wace jembe ta roba zan saya, kuma yaya ake saita ta?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na fara koyon kiɗan jembe da gangar aro, ta itace mai fatar akuya. Da zarar an yi ruwa ko gari ya yi laima sai muryarta ta mutu, ga shi ban iya jan igiyarta ba. An ce mini akwai ta roba wadda ake ɗaurewa da sifana. Wace iri zan saya, wane girma, me zan duba? Kuma tana yin amo kamar ta asali?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Mu fara da tambayarka ta ƙarshe: ba ta kai ta asali ba. Jembe ta asali, gangar hannu mai siffar turmi ta mutanen Mande a Mali da Gini, daga kututture guda na itace mai tauri ake sassaƙa ta, kuma fatar akuya tana ba da amo busasshe mai kaifi, wanda yake fita ya yanke nan take. Ta roba sautinta yakan ja, ya bar ƙara a baya. Amma ga mai koyo da ruwa yake hana shi kiɗa, gara gangar da za ta amsa kullum.

Sai dai ka yi hattara da abin da mai sayarwa yake kira "ta roba", domin abu uku ne daban: jikin gangar, fatarta, da yadda ake ɗaure ta. Akwai masu jikin roba amma fatar akuya ce a kai. Irin wannan ba za ta raba ka da matsalarka ba, tunda fata ce take shan laima ta saki, ba jiki ba. Akwai kuma waɗanda aka ɗaure tun daga masana'anta, babu noti babu igiya. Ranar da suka saki, shi ke nan. Abin da kake nema shi ne mai fatar roba da notuna a kewaye.

Jikin kuwa yakan zo iri uku. Na roba zalla, kamar Freestyle na kamfanin Toca, ba shi da nauyi, yana da daɗin ɗauka, amma zafi ya fi yi masa illa. Na faiba, irin wanda Meinl yake yi, ya fi ƙarfin murya. Remo kuma yana haɗa nasa da zaren itace da aka matse da gam, wanda yake kira Acousticon, ya ɗora masa fata irin Fiberskyn ko Skyndeep. Dukansu suna aiki. Kada zanen da ke jiki ya ɗauke maka hankali, ba ya ƙara wa sauti komai.

Girma shi ne inda aka fi yin asara. Ga babban mutum, fata mai faɗin inci 12 ita ce mafari, tsayin gangar kuma kusan santimita 60. Inci 10 na yara ne ko na yawo. Inci 14 ya dace da mai faɗin hannu ko mai son amo mai zurfi, sai dai ya fi nauyi. Ka auna da kanka daga baki zuwa baki na inda hannu yake sauka, saboda wasu har da zoben ƙarfen da yake riƙe fatar suke ƙirgawa, sai ka tarar mai inci 12 ba ta cika ba. Ka aza gindin tafinka a baki ka miƙe yatsu: idan sun zarce tsakiya sosai, gangar ta yi maka ƙanƙanta, kuma sautukan za su riƙa cakuɗewa duk ƙoƙarinka.

Yanzu ga abin da muka fi so ka tsaya a kai, wato zoben ƙarfe da ƙugiyoyinsa, waɗanda notuna suke ja don ɗaure fata. A jembe, gaɓar da yatsu suka haɗu da tafi a kan bakin gangar take sauka, sau ɗaruruwa a zama guda. Idan zoben ya yi kusa da saman fata, babban yatsanka da gindin tafi za su riƙa dukan ƙarfe, kafin rabin awa hannu ya kumbura. Nemi wadda zobenta ya sauka ƙasa da baki da kimanin santimita 2 zuwa 3, bakin da kansa kuma ya zama mai lanƙwasa, ba mai kaifi ba. Ka shafa yatsa a kewaye ka ji ko akwai tudu ko kwari. Daga nan ka zauna ka matse ta tsakanin gwiwoyi minti biyar, domin a wasu gangunan notunan daidai cinya suke tokarewa. Ƙugiya shida zuwa takwas ya kamata ka gani a mai inci 12. In sun yi kaɗan, fata ba za ta ɗauru daidai ba. Ka tabbata an haɗo maka sifanarta, kuma kafin ka biya ka tambaya ko ana samun fatar canji. Galibi kowane kamfani da ma'auninsa, fatar wannan ba lallai ta hau jikin wancan ba.

Wajen gwaji, ka karkata ta gaba yadda gindinta zai ɗaga daga ƙasa, in ba haka ba ka toshe mata numfashi. Buga tsakiya da tafi gaba ɗaya, ka ji amo mai zurfi. Buga baki da yatsu a haɗe, ka ji na tsakiya. Sannan ka saki yatsu su yi bulala a baki, ka ji mai kaifi. Dole ukun su rabu sarai. Ka sani cewa amon mai zurfi daga iskar da ke cikin jiki yake fitowa, girman kwanon, wato sashen sama mai faɗi, da faɗin bututun ƙasa, wato ƙafar gangar, ne suke yanke shi. Ɗaure noti yana ɗaga na tsakiya da mai kaifi, amma ba zai ba ganga zurfin da ba a ƙera ta da shi ba. In ka ji tana kaɗa wata ƙara ta ƙarfe, yawanci washa ce ta saki. Ka haska tocila a ciki ka duba ƙugu, inda kwano ya haɗu da ƙafa, ko akwai tsagewa.

Saiti ba wuya. Ka sassauta notunan duka, ka mayar da su da yatsa har kowanne ya kama. Sai ka ɗauki sifana ka riƙa juya kowanne kwata ɗaya, kana tsallakawa zuwa wanda yake fuskantarsa, kamar yadda ake ɗaure tayar mota. Bayan kowane zagaye ka ɗora yatsa ɗaya a tsakiya ba tare da dannawa ba, ka ƙwanƙwasa fata kusa da kowace ƙugiya. Inda sautin ya yi ƙasa, ƙara masa kaɗan. Ka kuma duba zoben daga gefe ka ga bai karkace ba. Ka tsaya da zarar mai kaifin ya fito ba tare da ka sa ƙarfi ba. Masu wuce nan su ne suke cinye zaren noti, ko su ɓalle fata daga zobenta, ko su mayar da bakin gangar ya daina zama da'ira. Sabuwar fata takan ɗan saki a makonnin farko, sai ka sake bi.

Idan ƙarar nan mai ja ta dame ka, fara tabbatar da cewa ɗaurin ya yi daidai ko'ina, domin rashin daidaito ne yake yawan jawo ta. In ta ƙi tafiya, manna ɗan guntun soso a ƙarƙashin fata ta ciki. Fara da ƙarami. In ya yi yawa zai kashe muryar gaba ɗaya.

Ruwa ba ya cutar da fatar, amma yana sa ƙarfe tsatsa, don haka ka goge ta bayan jiƙewa, ka ɗan shafa giris a zaren notunan lokaci zuwa lokaci. Kada ka bar ta a cikin mota a rufe cikin rana, zafi yana sassauta fata ya kuma lanƙwasa jikin roba. Ka cire zobe daga yatsa kafin ka fara kiɗa, kada kuma ka sa mata sanda.