Bayan an tashi nakiya, ta yaya ake gane ko dutsen da ya rage ya ji rauni?

Tambaya: Ni ɗan kwangila ne a Bauchi. Mun yanke gefen wani dutse da nakiya don samun fili, bangon da ya rage ya kai mita 8. A ido lafiya ƙalau yake, kuma mai aikin yana son a jera shaguna a gindinsa. Yaya zan san ko fasawar ta yi masa illa daga ciki?

Amsa: Malam, gara da ka tambaya tun ba a zuba harsashi ba, domin fuskar dutse ba ta cika faɗin abin da ke bayanta ba. Nakiya ɓarna biyu take yi. Bugun farko yana haifar da sababbin tsage-tsage kewaye da ramin da aka ɗura ta, sannan iskar da ta biyo baya ta kutsa cikin tsage-tsagen da dutsen yake da su tun asali, ta buɗe su. Ko ba nakiya ma, cire nauyin da ke danne dutse kan sa ya saki jiki.

Fara da duba sawun layin ƙarshe na ramukan da aka ɗura nakiyar a ciki. Idan fasawar ta yi kyau, za ka ga rabin kowane rami a miƙe a jikin bango, daga sama har ƙasa. Idan sawun ya ɓace, ko tsage-tsage sun fita daga gare shi ta ko'ina, an cika nakiya ko an yi wa ramukan tazara da yawa. Daga nan ka ɗauki guduma ko dogon ƙarfe ka bi bangon kana ƙwanƙwasawa, kamar yadda ake gwada tukunyar ƙasa a kasuwa kafin a biya. Lafiyayyen dutse ƙararsa tas take fita, wanda ya rabu da uwarsa kuwa amonsa a dushe yake. Ka sa hular kwano, ka fara daga sama, kada ka tsaya ƙarƙashin wurin da kake bugu.

Inda na fi son ka ɓata lokaci shi ne rarrabe tsohuwar tsaga da sabuwa. Tsohuwa za ka tarar da tsatsa ja-ja a cikinta, ko laka, ko saiwar ciyawa. Sabuwa fes take, ƙwayoyin dutsen suna ƙyalli, bakinta da kaifi. Duwatsun Bauchi masu tauri ne ƙwarai, amma da yawansu suna ɓarewa ɓawo-ɓawo bisa siffar bayansu. Idan irin wannan tsagar ta karkato zuwa wajen filinka, ga shi kun yanke abin da ke tokare ta daga ƙasa, to taurin dutsen ba zai hana falle guda ya sulalo ba. Ka hau sama kuma, ka yi tafiya bayan bakin yankan. Tsagar da ta bi tsawon bangon a can sama ta fi duk abin da ke fuskarsa tayar mini da hankali, saboda nan ruwan Agusta zai shiga ya tura.

Zurfin raunin sai an huda. Ana cire sandar dutse da injin haƙa, a auna guntayen da tsawonsu ya kai santimita 10 ko fiye, a ga kashi nawa ne cikin ɗari na tsawon ramin. Wannan shi ne ma'aunin RQD: ƙasa da kashi 25 dutse ya lalace matuƙa, sama da 90 garau yake. Inda lissafin ya tashi daga ƙasa-ƙasa ya daidaita, nan raunin ya tsaya. Akwai kuma gwajin gudun da girgiza ke yi idan ta ratsa dutse, wadda a lafiyayyen dutse mai tauri takan yi kilomita 5 zuwa 6 a daƙiƙa, ta ragu sosai a inda ya tsattsage. Masu lissafi suna amfani da ma'aunin raunin dutse da wani masanin duwatsu mai suna Hoek da abokan aikinsa suka shigo da shi a 2002, daga 0 ga dutsen da bai taɓu ba zuwa 1 ga wanda aka yi wa fasawar ganganci. 

Wanda ke Gombe kada ya dogara da ƙarar guduma kawai. Yawancin dutsen can na yashi ne mai laushi, kuma shimfiɗar laka da ke tsakaninsa takan jiƙe ta zama santsi.

Shawarata, a kakkaɓe duk abin da ke reto, a liƙa ɗan siminti a kan manyan tsage-tsage a rubuta kwanan wata a gefe. Idan simintin ya tsage, dutsen yana motsi. A yi lambatu a sama don kawar da ruwa, a bar fili mai kwalbati a gindi don tare abin da zai faɗo. Bango mai mita 8 da mutane za su wuni a ƙarƙashinsa, sai injiniya mai rajistar COREN (hukumar kula da aikin injiniyoyi) da masanin duwatsu mai rajistar COMEG (hukumar injiniyoyin ma'adinai da masanan duwatsu) sun duba ko yana buƙatar ƙusoshin ƙarfe da raga. Ka roƙi mai aikin ya bari damina ɗaya ta wuce a kansa kafin a ɗora bulo.