An ce ƙarfen da aka sa wa Babanmu a zuciya na "nano" ne, zai iya daina shan maganin tsinka jini?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni ma'aikaciyar jinya ce a Zariya. Wata huɗu ke nan da aka sa wa Babanmu sitent, wato ɗan bututun ragar ƙarfe da ke riƙe jijiya a buɗe, a jijiyar zuciya a Alkahira, bayan ya samu bugun zuciya. Wanda ya yi musu tafinta ya ce irin na zamani ne mai fasahar nano, wai nama yana rufe shi cikin 'yan makonni. Yanzu Baba ya ce ya warke, yau kwana uku ya ajiye clopidogrel, maganinsa na tsinka jini. Hankalina ya kasa kwanciya. Shin da gaske wannan fasahar tana sa jijiya ta warke da wuri haka?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Kafin ki ƙarasa karanta wannan amsa, ki kira Baba. In dai ba zubar jini ce ta sa ya ajiye maganin ba, ya koma shan sa yau ɗin nan, kuma a sanar da likitan zuciyar da ke duba shi cewa an yi kwana uku ba a sha ba. In ya ji nauyi a ƙirji, ko gumi ya keto masa, ko numfashi ya ƙi, a nufi asibiti nan take, kada a jira wayewar gari.

Maganar tafintan nan akwai ƙwayar gaskiya a cikinta, shi ya sa take da haɗari. Kin san ƙarfe ba ya haɗuwa da ƙwayoyin halitta kai tsaye. Da zarar jini ya taɓa shi, cikin daƙiƙu furotin ɗin jini yake lulluɓe shi, kuma wannan furotin ɗin ƙwayoyin suke kamawa. Yadda fuskar ƙarfen take, sumul ce ko mai ƙananan ramuka da kwaruruka, shi yake yanke wane furotin zai zauna da kuma yadda zai kwanta. Kin ga magini ba ya shafa filasta a bango mai santsi, sai ya fara watsa masa ruwan siminti ya yi kaushi. Haka abin yake, sai dai a nan kaushin ana auna shi da nanomita, alhali kaurin gashin kai ɗaya ya kai wajen nanomita 80,000. Ƙananan ƙugiyoyin da ƙwayar halitta take riƙe wuri da su sai sun taru kusa da juna kafin riƙon ya yi ƙarfi, kuma an ga cewa in tazarar wuraren kamawa ta wuce wajen nanomita 70, riƙon yakan yi rauni sosai.

Abin da masu bincike suke nema shi ne fuskar da za ta yi son kai: ta jawo ƙwayoyin da ke shimfiɗe cikin jijiya su rufe ƙarfen da sauri, ta kuma hana ƙwayoyin tsokar bangon jijiya yin yawa, domin su ne suke cunkushe hanyar bayan 'yan watanni. A ɗakin gwaji an samu sakamako mai daɗi. A kan ƙarfen taitaniyam da aka fitar wa ƙananan bututu ta hanyar lantarki, ƙwayoyin shimfiɗar sun fi yaɗuwa, na tsokar kuma sun ragu. Siraran kwaruruka da aka ja a jere suna sa ƙwayoyin su miƙe su bi layi, tafiyarsu ta fi sauri. Ni kaina ina bin wannan aiki da sha'awa. Amma kwanon gwaji daban, jijiyar dattijo mai ciwon sukari da hawan jini daban. Kaushin da ke riƙe ƙwayar kirki yana iya riƙe ƙwayoyin daskarar da jini, kuma yawancin wannan bincike yana kan ƙwayoyin da aka raina a kwano ne, ko a jijiyar zomo da alade.

Mun taɓa shan wannan darasi. Tun 1986 da Jacques Puel ya sa sitent na farko a jijiyar zuciyar mutum a Tulus ta Faransa, matsalar ita ce sake toshewa. A 2003 Amurka ta amince da Cypher, wani sitent mai fitar da maganin sirolimus a hankali don hana tsokar bangon jijiya yin yawa, toshewar ta ragu ƙwarai, kowa ya yi murna. Sai a taron likitocin zuciya na Turai a Basalona, a 2006, aka fito da damuwar cewa gudan jini yana kama irin waɗannan bayan an daɗe da sa su. Maganin da ya hana tsoka yawa ya jinkirta rufewar ƙarfen ma. Kusan duk sitent ɗin da ake sawa yau mai fitar da magani ne, ko da sirari ne, ko da an yi wa fuskarsa ƙananan ramuka don su riƙe maganin.

To ga abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya kusan kullum a asibiti: mutum ya ɗauka jin daɗin jikinsa shi ne shaidar ƙarfen ya rufu. Ciwon ƙirji yana tafiya ne tun ranar da aka buɗe hanyar. Rufewar ƙarfen kuwa watanni take ɗauka, ba ta da alama, kuma babu mai jin ta a jikinsa. Muddin akwai sauran ƙarfe a fili cikin jini, asfirin da clopidogrel ne suke tsare shi. A cikin abubuwan da ke jawo gudan jini ya toshe sitent, ajiye waɗannan magunguna kafin lokaci yana sahun gaba, kuma toshewar ba ta zuwa a hankali. Farat ɗaya take zuwa, da bugun zuciya mai tsanani, wani lokaci da ajali.

Ba zan manta da wani magidanci ba, da aka shigo mana da shi da asuba jiƙe da gumi. Ɗansa ya miƙo mini leda, a ciki ga katin clopidogrel da aka ɓalli ƙwaya huɗu kawai, ga gorar ruwan magani launin ƙasa. Wani mai talla da lasifika a mota ne ya ce masa maganinsa yana wanke jijiya, amma ba a haɗa shi da na asibiti. Wane ruwa ne zai wanke ƙarfen kobalt? Irin waɗannan mutane suna yawo kasuwa-kasuwa da rana tsaka, suna talla a rediyo, babu mai ce musu kanzil. Wasu kuma ba mai talla ne ya rufta su ba. Za a cire musu haƙori, wani ya ce a tsayar da maganin mako guda, bai ko tambayi yaushe aka sa ƙarfen ba. Wasu kuɗi ne suka ƙare suka ji kunyar faɗa. Wasu an dawo da su daga waje da takardu cikin harshen da ba sa ji, babu wanda ya haɗa su da likita a gida. Yanzu kuma ga kalmar nano ta shigo, ana jefa ta kamar laya.

Ka'idar da aka fi bi bayan bugun zuciya ita ce asfirin da clopidogrel ko makamancinsa tare na wata 12, sannan a ci gaba da guda ɗaya har illa masha Allahu. Akan rage tsawon lokacin ga wanda yake cikin haɗarin zubar jini, har ma akwai sitent irin BioFreedom da aka gwada da wata ɗaya kacal ga irin waɗannan marasa lafiya. Amma likitan zuciya ne yake yanke wannan, bayan ya duba nau'in ƙarfen, tsawonsa da inda aka sa shi.

Ki nemo ɗan katin da aka ba Baba bayan aikin, wanda ke ɗauke da sunan sitent ɗin, girmansa da ranar da aka sa, ki ɗauki hotonsa a waya ki kai wa likitan. Ki tambayi Baba cikin ladabi ko ya ga baƙin bayan gida ko jini a dasashi, domin dattawa sukan ɓoye ainihin dalili. In akwai, wannan ma na ganin likita ne yau. Allah ya ba Baba lafiya.