Zan iya daina giya ba tare da shiga cibiyar gyaran hali ba?

Wani daga Jos ya ce kullum sai ya sha giya, yana son dainawa da kansa, ba cibiya ba taron masu neman daina sha.

Za ka iya, ɗan'uwa, amma kada ka yanke ta dare ɗaya. Jikin da ya saba yakan fara karkarwa da gumi awa 6 zuwa 24 bayan kofin ƙarshe. Jijjiga kan biyo baya, kuma tsakanin awa 48 zuwa 72 wasu kan rikice, suna ganin abin da babu shi. Wannan yana iya kisa. Fara ganin likita a sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos (JUTH), ba kowa ake kwantarwa ba. Akan ba da diazepam, maganin da ke kwantar da karkarwa da hana jijjiga, na 'yan kwanaki da bitamin B1, daga baya naltrexone mai rage kwaɗayin sha. Idan kana haɗawa da tramadol ko kodin, faɗa masa, don naltrexone ba ta jituwa da su.

Sauran aikin naka ne. Kwaɗayin yakan taso ya lafa cikin kamar rabin awa, sai ka ci abinci ko ka fita ka taka. Canja hanyar gida idan ta bi ta mashaya. Ranar albashi ita ce tarkon, bar katin ATM a hannun yayanka ko maiɗakinka.