Ka ce za ka ajiye zare?

Yarona, saƙonka ya iso ni. Ka ce tun daren da aka buge ka a turmi na biyu ba ka sami barcin kirki ba, samarin unguwa suna ta tura wa juna bidiyon faɗuwarka a waya, har kana tambayata ko dambe ba rabonka ba ne, gara ka ajiye zaren da kake naɗe hannu da shi ka tsaya kan teburin nama. Kisa na uku ke nan, wato kayarwa ta uku, da aka yi maka a jere. Na sani, ina ƙirgawa.

Kafin mu je ko'ina, yaya kanka? Na ga yadda ƙeyarka ta daki ƙasa. In kana jin jiri, ko amai, ko ciwon kan da ba ya sauka, ko kana ganin abu bibbiyu, ka tafi asibiti yau, kada ka jira gobe. Masu damben boksin ma, in aka sumar da mutum, sai ya yi aƙalla kwana 30 kafin a bar shi ya sake shiga fili, don naushi na biyu a kan da bai warke ba shi ne yake nakasa mutum. Mu ba mu da wannan doka a rubuce, amma a gidana akwai ta. Wata guda ba za ka naɗa kara a hannu ka shiga fili ba, ko wa ya kira ka, ko nawa aka sa.

To, mu koma kan faɗuwar. Kai kana ta tunanin ihun 'yan kallo, ni kuwa ƙafarka nake tunani. Ina zaune bayan makaɗa, na ga komai. Wanda ka kara da shi bahago ne, mashinsa, wato hannun da yake naushi da shi, yana hagu. Kai kuma tun da aka fara kake zagayawa ta damarka, wato kana kai fuskarka inda naushinsa yake fitowa. Da bahago ta hagunka ake zagayawa, ka sa ƙafarka ta gaba a wajen tasa, sai ya zama dole ya juyo kafin ya same ka. Sannan duk sanda za ka kai naushi, garkuwarka, wato hannun da kake tarewa da shi, tana sauka har ƙugu. Sau biyu ya gwada ka a turmin farko, ya yi kamar zai shigo, ya ga hannun ya sauka, ya koma baya. Karanta ka yake yi. Da kalangu ya ɗauki takenka, wani ya taso da kuɗin liƙi, idonka ya bar ƙirjinsa ya koma gefe. Nan ya gama da kai. Ba ƙarfi ya fi ka ba, ba kuma asiri aka yi maka ba.

Ina da shekara kusan naka aka buge ni a wani ƙauye wajen Ƙaura Namoda, lokacin kaka, an gama girbi gari ya cika da baƙi. Wani gajeren mutum ne, da na gan shi har na raina shi. Ban kai ƙarshen turmin farko ba. Na tashi da ƙasa a baki, 'yan mata suna guɗa, ba tawa ba. Daren nan na kwana a zaure na juya wa kowa baya. Maigidana, Allah ya jiƙansa, bai ce mini sannu ba. Da asuba ya tashe ni, ya kai ni filin, babu kowa sai sawun ƙafafu. Ya ɗauki kara ya zana a ƙasa: nan ka tsaya, nan ya tsaya, nan ka haɗe ƙafafunka wuri ɗaya. Ya ce in tsaya haka, ya ture ni da yatsa biyu, na tafi taga-taga. Tun daga ranar na daina jin cewa duniya ce ta juya mini baya. Abin ya koma ƙafa biyu da ke buƙatar gyara, kuma gyaran ƙafa abu ne da mutum zai iya.

Ku yaran yanzu kun san Anthony Joshua. A watan Yunin 2019 Andy Ruiz ya kai shi ƙasa sau huɗu a New York ya ƙwace kambunansa. A Disambar shekarar suka sake haɗuwa a Saudiyya, Joshua ya zo ya rage jiki, ya ƙi yarda a matso shi, ya karɓe abinsa da maki. Salo ya sauya.

Akwai laifina a ciki, kuma zan faɗa. Karawa biyun baya, da waɗanda suka girme ka a fage aka haɗa ka, kai ka nace, ni kuma na bari saboda na ga zuciyarka. Bai kamata ba. Wanda ake kira shagon wane ko autan wane, sunan maigidansa yake ɗauke da shi, kuma haƙƙin maigidan ne ya zaɓa masa abokin karawa daidai shi. In ka dawo, da sa'o'inka za ka fara. Ko an tashi turmi uku babu kisa, in dai garkuwarka ba ta sauka ba, ni a wurina ka ci.

Abin da nake jin tsoro shi ne masu zuwa maka jaje a wannan makon. Wani zai ce ya san mai tsaga hannu a zuba magani, wani zai miƙo maka tramol ya ce tana cire tsoro. Tana cirewa, tare da hankalin da kake kare kanka da shi. Na ga yara masu hannu, waɗanda a ɓangarorin dambe na Kudu da Arewa da Guramada duk ake maganarsu, ƙwaya ta mayar da su masu roƙon na shayi a bakin gidan dambe. Ka riƙe sallarka da addu'ar mahaifiyarka, ka ci abinci, ka yi barci.

Maganar ajiye zare kuwa, ba abin kunya ba ne. Dambe a gidan mahauta ya tashi, kakanninmu suna yi suna fawarsu, in lokaci ya yi su bari su riƙe wuƙa. In bayan wata uku kana lafiya, hankalinka a kwance, ka zo ka ce mini ranka ya fita, da kaina zan sa maka albarka. Amma ba zan karɓi wannan magana daga bakin da bai gama sacewa daga kumburi ba.

Bidiyon da suke yawo da shi, ka ce a turo maka, kada ka goge. Ranar Asabar bayan sallar asuba ka zo da shi gida, in kan ya lafa. Za mu kalle shi tare a hankali, sannan mu fita bayan gida inda yashi yake. Na riga na yi wa wani bahago a cikin yaranmu magana zai zo ya tsaya maka, babu naushi, zagaye kawai. Ka gaida mahaifiyarka.