Shago a Kulle, Kayan Sallah a Ɗaki: In Biya Kuɗin Talla a Facebook?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina sayar da atamfa da leshi a Daura. Tun da aka kulle garin a watan Afrilun nan na 2020 saboda korona ban buɗe shago ba, ga azumi ya kama, kayan Sallah na jibge a ɗaki. Yarana sun ce in biya kuɗin talla a Facebook. In biya, ko akwai wata dabara?

Amsa: Wa'alaikumus salam Hajiya, Allah ya yaye mana. Ki dakata da maganar Facebook tukuna. Tallar na iya kai hoton kayanki Kano da Kaduna, to amma a wannan kullen na 2020 gwamnatin tarayya ta hana zirga-zirga tsakanin jihohi, in an saya wa zai kai? Iyakar Kongolam ta shiga Nijar ma an rufe ta tun Agustan 2019. Kasuwarki ta bana tana cikin Daura, wurin matan da suka san ƙofar shagonki.

Ki ɗauko littafin bashi. Sunayen da ke ciki su ne kwastomominki na gaskiya. Ki kira su ɗaya bayan ɗaya, ki yi musu barka da shan ruwa, ki tambayi yara da maigida, kada ki ta da zancen kuɗi a kiran farko. Wadda mijinta direban mota ne ko ɗan kasuwa, ta san kina binta, kunya ce ma za ta hana ta ɗaga wayar. In ta ji gaisuwa kika kira, ranar da hannunta ya buɗe ke za ta fara tunawa. Daga baya sai ku yi magana ta riƙa ragewa kaɗan-kaɗan.

Sannan ki sauke WhatsApp Business, kyauta ne, yana da wurin jera kaya da farashinsu. Kada ki tara mata a guruf guda: lambar kowa za ta fito fili, wasu mazajen ba sa so, kuma kafin kwana biyu saƙonnin maganin korona na ƙarya sun binne atamfarki. Ki yi amfani da burodkas, wanda ke ɗaukar mutum 256, saƙon ya shiga wa kowace ita kaɗai. Sharaɗinsa dai sai ta adana lambarki, don haka ki roƙe su a wannan kiran na gaisuwa. Da yawansu sun fi son saƙon murya a kan rubutu, ki yi musu da bakinki.

Hoto ne inda masu sayarwa ke kashe kansu. Ki shimfiɗa turmin a tsakar gida da hantsi, a inuwa, don hasken kwan lantarki yana canja launin yadi. Ki ɗauki gajeren bidiyo kina murza yadin, ki nuna rubutun bakin atamfar, ki faɗi kuɗinsa. Wannan ɗabi'a ta “ki biyo ni ta ciki in faɗa miki farashi” tana korar masu kunya. Abin da ya ƙare ki cire shi, tunda hanyar Kantin Kwari ba ta biyuwa a wannan kullen, kada ki karɓi kuɗin abin da ba ki da shi a hannu.

Wajen biya, kada ki yarda da hoton rasit ko saƙon alat, ana yin na bogi. Ki duba asusunki da kanki kafin kaya su fita. Kai kaya kuma ki tara su zuwa ranar da aka sassauta dokar, ɗan aike guda wanda kika sani, da takunkumi a fuskarsa. Ki faɗa wa mai saye tun farko cewa in launin bai yi mata ba za ki canja muddin ba a yanka ba, ki kuma tuna mata tela yana buƙatar lokaci kafin Sallah.